Tayar Babur Daga Kambole Zuwa Dapaong: Mai Kama Ƙasa Ko Mai Jure Wahala?

Duk wanda ke harkar kasuwanci tsakanin Sokode da Camba da Kambole, ko kuma can arewa tsakanin Dapaong da Sinkase, ya san cewa babur ya daɗe da gadar aikin da jaki ya yi wa kakanninmu. A zamanin fatauci, ayarin masu zuwa Gwanja sayen goro kan ratso ta Jugu su yada zango a yankin Sokode, wasu kuma su bi ta Mango, kuma babu madugun da zai ba da umarnin tashi bai duba ƙafafun dabbobi ba. A yau ƙafar da ke ɗauke da ɗan kasuwa da jarinsa ita ce tayar babur, amma abin mamaki, ita ce abin da muka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Mutum zai zuba kuɗi ya sayi Haojue ko Apsonic ko Sanya ko Boxer sabo dal, ya yi masa ado da fitilu da ƙaho mai kiɗa, amma ran da tayar da ta zo da shi ta suɗe, sai ya shiga kasuwa yana tambayar wadda ta fi araha, ko kuma wadda aka ce masa ba ta cinyewa.

Waɗannan tambayoyi biyu su ne ke jefa jama'a cikin asara, wani lokaci ma har da karaya. Domin kuwa duk nauyin babur da na mai shi da na kayansa yana kan wani ɗan wuri ne da taya ke taɓa ƙasa, wanda faɗinsa bai kai tafin hannu ba. Birki da kwana da hawan tudu duk a wannan ɗan wuri suke ƙarewa.

Dalilin da ya sa ba a samun biyun a cike

Masu sayar da taya kan ce tasu tana kama ƙasa kuma ba ta cinyewa. Gaskiyar magana ita ce, abubuwan nan biyu kishiyoyin juna ne tun daga masana'anta. Roba mai taushi tana lanƙwasawa ta shige cikin ƙananan ramukan da ke fuskar kwalta, wannan shi ne kamun da muke ji, amma a duk juyi sai ta bar wani abu na jikinta a kan hanya. Roba mai tauri kuwa kaɗan take bari, saboda haka tana daɗewa, sai dai da zarar ruwa ya jiƙa kwalta sai ta koma tamkar an ɗora babur a kan faranti.

Tun lokacin da Charles Goodyear ya yi rajistar dabarar dafa danƙo da farar wuta a shekarar 1844, da kuma lokacin da John Boyd Dunlop ya ɗaura wa keken ɗansa taya mai iska a birnin Belfast a 1888, masu wannan sana'a ke fama da wannan ciniki. Baƙin da muke gani a taya wani irin kunkunniya ne da ake haɗawa da robar don ƙara mata ƙarfi da juriya. A shekarar 1992 kamfanin Michelin na Faransa ya fito da tayar mota mai haɗin silika, sinadarin da asalinsa yashi ne, wanda ke taimaka wa taya ta kama jiƙaƙƙiyar hanya ba tare da ta riƙa cinyewa da sauri ba. Daga baya kuma aka riƙa yi wa manyan babura taya mai roba iri biyu, tsakiya da tauri, gefe da taushi. To amma irin waɗannan ba su ne ke cika rumfunan Sokode ba, kuma kuɗinsu ba na mai neman abinci da babur ɗin 125 ba ne. Abin da ya fi yawa a hannunmu taya ce mai roba iri ɗaya, don haka dole mai saye ya zaɓi ɓangaren da zai karkata, kuma hanyar da yake bi ce za ta faɗa masa.

Hanya uku, buƙata uku

Mu fara da Kambole, garin da ke lardin Camba daf da iyakar Benin, a ƙarshen hanyar RN14 da ta taso daga Sokode. Mai sayen kashu ko doya ko waken suya a wannan yanki ba a bakin babbar hanya yake samun kaya ba, sai ya saki hanya ya shiga ƙauyuka da gonaki, inda babu komai sai jar ƙasa da tsakuwa da gargada. Damina a tsakiyar Togo doguwa ce, takan fara tun wajen Afrilu ta kai Oktoba, kuma jar ƙasar nan idan ta sha ruwa takan zama taɓo mai sulɓi kamar sabulu. A irin wannan wuri taushin roba ba shi ne abin dubawa na farko ba, zane ne. Ana son taya mai manyan haƙora da tazara a tsakaninsu, yadda za su nutse su kama ƙasa, kuma su watsar da taɓon yayin da suke juyawa. Taya mai ƙananan zane ta cikin gari takan cika da laka a taku kaɗan, ta zama sumul, sai ka ga mutum yana ba da wuta, taya na juyawa, babur na tsaye wuri ɗaya.

Sai dai mai haƙoran nan tana da nata aibin. Idan aka hau kwalta da ita aka ɗauki dogon zango, takan yi ƙara, ta riƙa girgiza hannu, haƙoran tsakiya su cinye da wuri, kuma a kwana ba ta da kamun da mai sulɓin zane ke da shi, domin robar da ke taɓa kwalta kaɗan ce. Saboda haka wanda rabin tafiyarsa kwalta ce rabi burji, kamar mai zirga-zirga tsakanin Kambole da Sokode, ya fi dacewa da mai matsakaicin zane, wato haƙora masu faɗi da ke kusa da juna a tsakiya, sannan su buɗe a gefe.

A Sokode kanta labarin daban ne. Garin na kan babbar hanyar RN1 wadda ta taso daga Lome ta ratsa Kara da Mango da Dapaong har Sinkase, kuma ita ce hanyar manyan motocin da ke kwasar kaya daga tashar jiragen ruwan Lome zuwa Barkina Faso da Mali da Nijar. Tun bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 da rufe iyakarta da Benin, kayan Nijar da yawa suka karkato ta wannan hanya. Babbar mota kuwa ba ta wucewa ba ta ɗigar da man gas ko baƙin mai ba. Wannan mai da ƙurar hunturu su ke kwantawa a kan kwalta tsawon rani, ruwan farko na sauka su taso su zama santsi. Shi ya sa ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa ko kabu-kabu kamar yadda muke cewa a gida, wanda ke yini yana taka birki a cikin gari, bai kamata ya yi wasa da kamun taya ba. Haka shi ma mai gangaro tudun Alejo kusa da Bafilo da lodi a baya. A ganinmu, a nan gara taya ta cinye da wata guda kafin lokacinta da a ce ta zame sau ɗaya a gaban tirela.

Dapaong kuwa ƙasar zafi ce. Daminarta gajera ce, kuma a watannin Maris da Afrilu zafi kan kai maki 40 a ma'auni, kwalta kuma ta fi haka nesa ba kusa ba. Zafi na ƙara wa roba taushi, don haka tayar da ta yi daidai a daminar Camba tana iya narkewa kamar man kaɗanya a hanyar Sinkase. Ga ƙaya, ga duwatsu masu kaifi a hanyoyin ƙauye. A nan ne taya mai tauri da kaurin jiki ke cin kasuwarta. Akwai kuma wani dalilin da ya wuce na aljihu: tun da aka kafa dokar ta-ɓaci ta tsaro a yankin Savanes a watan Yunin 2022, babu mai hankalin da ke son faci ya tsayar da shi a daji bayan la'asar sakaliya.

Gaba daban, baya daban

Wani kuskure da ya zama ruwan dare shi ne a ɗauka cewa tayoyin biyu aiki ɗaya suke yi. Ta gaba ita ke juya babur, kuma idan aka taka birki nauyi kan koma kanta. Idan ta baya ta zame, gwani kan iya gyara zama ya tsira, amma idan ta gaba ta zame a kwana, kafin mutum ya ce wani abu ya riga ya kai ƙasa. Ta baya kuma ita ke ɗaukar lodi da ƙarfin inji, shi ya sa akan canza ta kusan sau biyu kafin a canza ta gaba sau ɗaya.

Wannan ya ba mu mafita mai sauƙi. Tunda ta gaba ba ta saurin cinyewa, a saya mata mai kyau mai kamu, ko da ta fi tsada, domin kuɗin zai rabu a kan watanni masu yawa. Ta baya kuma a nemi mai ƙarfi da kauri. Abin da muke gani a tashoshi akasin haka ne: sabuwar taya a baya, a gaba kuma wata tsohuwa da ta tsattsage, wai ai ba ta ɗaukar kaya. Wasu ma idan ta baya ta kusa ƙarewa sai su mayar da ita gaba. Wannan ganganci ne tsagwaronsa.

Rubutun da ke jikin taya

Kowace taya na ɗauke da bayaninta a gefe, kuma ba sai mutum ya iya Turanci ko Faransanci zai karanta ba, lambobi ne. Idan ka ga 2.75-17, faɗin tayar inci 2.75 ne, wilinta kuma inci 17. Boxer ƙarami yakan zo da 2.75-17 a gaba da 3.00-17 a baya. Yawancin babura 125 masu ƙirar CG na amfani da wili 18, masu ƙirar GN kuma 18 a gaba, 16 a baya. Wani lokaci akan rubuta da milimita, alal misali 90/90-18, wato faɗi milimita 90, tsayin gefe kuma kashi 90 cikin 100 na faɗin, wadda ta yi kusa da 3.00-18. Samari na son ƙara faɗin tayar baya don ado, wasu kuma na zaton hakan zai ƙara ɗaukar kaya. Idan aka matsa taya mai faɗi a kan siririn wili, takan tattare ta yi tsini, wurin da ke taɓa ƙasa ya ragu maimakon ya ƙaru, kuma ta riƙa gogar sarƙa ko madigadi.

Bayan girma sai a ga wata lamba da harafi, kamar 41P ko 50P. Wannan lamba ita ce ta fi muhimmanci ga ɗan kasuwa, domin ita ke faɗin nauyin da tayar za ta iya ɗauka. Lamba 41 na nufin kilo 145, 47 kilo 175, 50 kilo 190, 52 kilo 200, 57 kuma kilo 230. Harafin kuwa na gudu ne: J kilomita 100 a awa, L 120, P 150, kuma wannan ba ya cikin damuwarmu tunda baburanmu ba sa kaiwa can da lodi.

Mu yi ɗan lissafi a kan nauyin. Babur irin namu ya ɗara kilo 100, kuma fiye da rabin nauyinsa na baya, mu ce 60. Mai tuƙi na kilo 70, mu ce 45 daga ciki na kan tayar baya. Buhun masara mai kilo 100 da aka ɗaure a kariya gaba ɗayansa a kanta yake. Jimla 205 ke nan, alhali tayar mai lamba 50 an yi ta ne don 190. Da buhu ɗaya ke nan an riga an haura, to ina ga mai buhu biyu da ɗan rakiya a kan tanki? Ba muna cewa za a daina lodi ba ne, mun san halin da ake ciki, amma wanda ya san aikinsa ke nan, ya nemi lamba mafi girma da zai samu a girman wilinsa. Haka kuma ya duba inda aka rubuta 4PR ko 6PR ko 8PR. Wannan ma'aunin ƙarfin zaren da ke cikin tayar ne. Mai 6PR ko 8PR ta fi jure lodi da ƙaya da bugun rami, sai dai ta fi nauyi da tauri, kuma idan babur ba kaya takan riƙa tsalle a gargada. Don haka wurinta baya ne, a gaba 4PR ta wadatar.

Sai kuma ranar haihuwa. Tun daga shekarar 2000 ake buga ta da lambobi huɗu a cikin wani ɗan zagaye, galibi a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2324 na nufin mako na 23 na shekarar 2024. Roba na tsufa ko ba a hau ta ba, takan bushe ta yi tauri, kamunta ya ragu. Manyan kamfanoni na ba da shawarar a riƙa binciken taya duk shekara idan ta kai shekara biyar, kuma kada ta wuce goma ko da zanenta na nan. A zafi irin na Dapaong, mu dai ba za mu ba da kuɗin sabuwa a kan wadda ta yi shekara uku a rataye a rana ba. A kula kuma da kibiyar da ke nuna inda taya za ta riƙa juyawa, domin mai faci idan yana sauri yakan ɗaura ta a juye, zanen da aka yi don korar ruwa ya koma tara shi.

Abin da ke cikin kasuwa

Idan mai karatu bai manta ba, akwai lokacin da ake yin taya a Nijeriya. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008. Ga shi Kwaddibuwa ce kan gaba a Afirka wajen noman danƙo, amma tayar da muke hawa daga Asiya take zuwa: CST da Kenda da Duro na kamfanonin Taiwan, MRF da CEAT da TVS na Indiya, Vee Rubber ta Tailan, da kuma ɗimbin sunaye daga Sin da ba sa ƙirguwa. A cikin na Sin ɗin akwai masu kyau ƙwarai, akwai kuma waɗanda aka cika da tsohuwar robar da aka sake narkawa. Kuma duk sunan da ya yi farin jini sai an yi jabunsa.

Gane jabu sai da hannu da ido. A ɗaga tayoyi biyu masu girma ɗaya a gwada, wadda ta cika sauƙi an rage mata roba ko zare. A danna farce a kan zane, roba mai kyau takan nutsa kaɗan ta dawo, marar kyau kuwa ko dai ta ƙi motsi kamar leda, ko ta bar shaida. A leƙa ciki a ga ko zare ya fito ko akwai kumburi, a kuma duba ko rubutun ya fita tsaf ko ya dagule. Wanda ya ƙi bari a kwance ledar da aka naɗe taya da ita a duba lambobi, to akwai abin da yake ɓoyewa.

Game da tayar gwanjo, 'yan kasuwarmu masu tsallaka iyaka su sani cewa tsofaffin tayoyi na cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta Nijeriya ta haramta shigowa da su. Ban da wannan ma, wasu kan ɗauki suɗaɗɗiyar taya su sake yanka mata zane da wuƙa mai zafi, su shafa mata baƙin mai ta yi ƙyalli. Tayar babur ba ta da kaurin da za a yi mata haka, abin da ya rage tsakanin hanya da zare bai fi fatar albasa ba.

Tun da aka sake darajar naira a watan Yunin 2023, ita kuwa sefa na nan daure da yuro a kan 655.957, kayan da aka saro a Legas kan zo da farashin da ke jan hankalin mai sefa a aljihu. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado. Hanyar auna tsadar taya ita ce a raba kuɗinta da kwanakin da ta yi tana aiki. Mu ƙaddara, don misali kawai, wata jaka 6 ce ta yi wata uku, wata kuma jaka 10 ta yi wata shida. Ta farko na cin jaka 2 a wata, ta biyu ba ta kai haka ba, kuma ba mu sa kuɗin ɗauri sau biyu ba, ba mu sa faci ba, ba mu sa ranar kasuwar da ta wuce mutum yana tura babur ba. Mai babura da yawa da ya ba yara haya zai amfana idan ya riƙa rubuta ranar da aka ɗaura kowace taya da sunanta, domin cikin shekara guda littafinsa zai faɗa masa abin da dillali ba zai faɗa ba.

Iska da tiyub

Taya mafi kyau ma ana iya kashe ta cikin 'yan makonni da ƙarancin iska. Idan iska ta yi ƙasa, gefen taya na lanƙwasawa a duk juyi, ta ɗauki zafi, zare ya saki. A rami kuma wili kan cije tiyub ya yi masa huda biyu a jere kamar saran maciji, ko taya ta zame a kan wili ta tsinke bawul. Idan kuma iskar ta yi yawa, tsakiya kaɗai ke cinyewa, kamu ya ragu. Yawancin ƙananan babura na son kimanin 25 a gaba, 28 a baya, a kai 32 idan akwai goyo ko kaya, bisa ma'aunin psi, wato wajen 1.75 da 2 da 2.25 ga masu ma'aunin bar. Ainihin adadin na rubuce a littafin babur ko a wata 'yar takarda kusa da sarƙa. A auna da safe kafin a hau, kuma da ma'auni. Matsa taya da yatsa ko ƙwanƙwasa ta da sifana da masu faci ke yi ba ya bambanta 20 da 30.

Tiyub, wanda 'yan'uwanmu na ɓangaren Faransanci ke kira shambur, a saye shi sabo tare da sabuwar taya, kuma daidai girmanta. Tsoho ya riga ya buɗe, idan aka cusa shi sai ya naɗe, wurin naɗin nan ne zai fashe. A duba kuma robar da ke rufe kawunan wayoyin wili, domin sau da yawa facin da ake ɗora wa ƙusa laifinsa daga ciki yake fitowa. Su kuwa tayoyi marasa tiyub, masu alamar TL, suna da daɗi a Sokode da Dapaong, domin idan ƙusa ta shiga iska a hankali take fita. Amma sai da wilin da aka yi dominsu, kuma idan rami ya lanƙwasa bakin wilin a wani ƙauye bayan Kambole inda mai faci ba shi da injin iska, to ranar sai an nemi tiyub an zura.

Sabuwar taya na zuwa da ɗan santsi daga masana'anta, saboda haka kilomita 100 zuwa 150 na farko a bi ta a hankali, musamman a kwana. Lokacin cire ta kuwa ita da kanta ke nunawa: a gefe akwai ɗan alama ko haruffan TWI, idan aka bi daidai wurin zuwa cikin zane za a ga wani ɗan tudu da bai kai milimita ɗaya ba. Ran da zane ya yi daidai da tudun nan, aikinta ya ƙare, ba sai zare ya leƙo ba.

Su kuma masu shaguna, rataye taya a ƙofar rumfa talla ne mai kyau, amma rana na cin ta tun ba a sayar ba. A rataye guda ɗaya ko biyu don nuni, sauran a ajiye su a inuwa, a tsaye, nesa da janareta, nesa kuma da jarkokin fetur da kwalaben da ake sayar da shi a bakin hanya, domin fetur da baƙin mai na lalata roba. Wadda ta fara shigowa shago ita ya kamata ta fara fita.